Gadin Barcin Damaris

"Tsaya mini, Baban Doreen. Takalmin nan yana yi mini wani iri."

Gershon ya tsaya. Damaris ta zauna a kan ƙarfen layin dogo, ta ajiye ledar burodinta a gefe, ta sunkuya tana kiciniyar cire takalmin robar da ke ƙafarta ta hagu. Gari bai gama wayewa ba. Farin gajimare ya sauko daga duwatsun Kagoro ya kwanta a kan Kafanchan, har tsofaffin taragun da suka yi tsatsa a tasha suka koma kamar shanu kwance a makiyaya.

Takalmin ya ƙi fita. Da ta ja da ƙarfi ya rabu da ƙafar, sai ga ƙusa ta huda robar ta shige tafin ƙafa. Jini ya riga ya bushe, ya yi baƙi.

"Yesu! Tun yaushe wannan abu ya shige ki?"

"Ina na sani?" Ta juya ƙafar tana kallonta kamar ta wani. "Ban ji komai ba. Tun jiya dai nake ji kamar a kan auduga nake tafiya."

Gida ɗaya suke haya a bayan tasha, ɗakinsa na jikin nata. Shi gadin wani siton citta yake yi, ita kuma tana aiki a gidan burodi, tana shafa wa gwangwanaye mai, tana sa burodi a leda har asuba. Shekara da shekaru suna haɗuwa a mararraba su tako layin dogo tare, shi yana warin citta, ita tana ƙanshin burodi. Ba su cika hira ba. Wanda ya kwana ido biyu ba ya neman magana. Kowa tafe yake da rabin mafarkinsa. Wani lokaci Gershon kan ga kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, kamar gajimaren ne ke ɗauke da ita zuwa gida.

A ƙofar gida hanyarsu ke rabuwa. Gershon yakan tarar matarsa Paulina ta ɗora masa ruwan wanka, kunu na jiransa a rufe. Yana shiga ɗaki za ta sake labule, ta fito ta ɗora yatsa a baki. "Babanku yana barci." Da wannan magana aka raini yaran gidan kaf, nasa da na wasu. Ita kuwa Damaris tana shiga za ta ɗaura zani a kan rigar aiki ta hura wuta. Ga yara za su makaranta, ga tsohuwar surukarta da sai an ɗaga an kwantar, ga wanki, ga layin rijiya. Mijinta Patrick malamin firamare ne can Kauru, sai ƙarshen mako ake ganinsa, wani lokaci ma sai ƙarshen wata. In za ta yi daka, takan ɗauki turminta ta fita da shi gindin mangwaron waje, don kada ta tashi maigadi. Barcinta a zaune take yinsa, tsakanin tafasar wake da dawowar yara. Da dare kuma, in idonta ya fara rufewa a wajen aiki, shayi mai kauri da suga da gutsuren burodi mai zafi ne ke riƙe ta.

Duk wannan Gershon ya san shi, yadda mutum ya san launin bangon ɗakinsa.

"Ba gida za mu je ba," in ji shi. "Tashi, mu je wajen Sista Rosemary."

"Wake na jiƙa tun jiya."

"Wake ba zai gudu ba."

Ya tare mai babur, ya ɗora ta, shi ma ya hau wani ya bi su.

Sista Rosemary nas ce a wani ƙaramin asibiti kusa da kasuwa, kuma majami'arsu ɗaya. Ta wanke ciwon, ta yi allura, sannan ta soki yatsar Damaris ta ɗiga jinin a kan 'yar na'ura. Ta daɗe tana kallon abin da ya fito.

"Mama, tun wancan gwajin da muka yi a coci na gaya miki suganki ya hau. Ina maganin da na ce ki riƙa sha?"

"Ina sha, in na tuna."

"Ƙishirwa fa?"

"Kamar in shanye rijiya."

"Idanunki?"

"Wani lokaci fitilun gidan burodi sukan zama biyu-biyu." Ta yi dariya. "Har sun fi kyau haka."

Sista Rosemary ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen Gershon. "Baba, kai ma kawo hannunka, tunda ka zo. Ai kai ma ɗan aikin dare ne."

Ya miƙa. Nasa ya fito da ɗan dama.

"Naka yana bakin ƙofa, bai shigo ba tukuna. Ka rage mai zaƙi, ka riƙa zuwa ina dubawa."

Gershon ya dubi yatsarsa, ya dubi maƙwabciyarsa. "To, Sista, ban gane ba. Tare muka fara aikin daren nan. Ni ma ina shan shayi. Na ma girme ta. Yaya nata ya yi nisa haka?"

"Jikin kowa da nasa, akwai gado, akwai abinci. Wasu sun ce jikin mace da na namiji ba iri ɗaya suke ɗaukar rashin barci ba. Wannan sai likitoci." Ta naɗe bandeji tana magana. "Ni dai abin da nake tambaya shi ne, in kun sauka daga aiki, wa ke kwanciya?"

Damaris ta gyara ɗankwalinta. "Shi aikin dare yake yi, Sista. Ni dare da rana aka ɗauke ni."

Duka suka yi dariya, har shi. Sai a kan babur, suna komawa, ya ga ashe ba abin dariya ba ne.

Ciwon bai rufe ba. Damina ta yi nisa, masara ta yi goyo, ƙafar tana ƙara kumbura. Damaris ta koma aiki tana ɗingishi har ranar da ta faɗi a bakin tanda. Aka kwantar da ita a babban asibiti, aka yanke yatsu biyu, daga baya kuma likita ya kira Patrick gefe ya yi masa maganar ƙoda. Da ta gaji da ƙarin ruwa da warin magani, ta ce a mai da ita gida. Patrick ya nemi hutu ya dawo. Babbar 'yarsu Endurance ma ta baro makarantar koyon ɗinki a Jere ta zo jinya. Surukar ta riga ta rasu kafin nan, saura ƙananan yara biyu.

A nan ne aka ga wani abu da ba wanda ya zata. Jikin Damaris ya manta yadda ake barcin dare. Da duhu ya yi, idonta zai bushe, ta yi ta kallon rufin kwano har zakara ya yi cara. Sai rana ta ɗaga barci zai zo mata, mai nauyi, mai daɗi. Amma rana ba tata ba ce.

Gershon yana kwance a ɗakinsa bayan labule, bango ɗaya ne tsakaninsu, yana jin komai.

"Mama, ina kika ajiye kanwa?"

"Damaris, makullin akwatin nan fa?"

"Mama, Yafet ya ɗauke mini biro!"

Sai ya ji muryarta, a shaƙe, daga ƙasan barci: "Duba bayan tulu." Injin niƙan Lawal da ke jikin katanga ya tashi. Masu gaisuwa suka yi sallama da ƙarfi, don a san sun zo. Ya ji gadon ya yi ƙara, tana ƙoƙarin tashi zaune ta amsa musu.

Ya juya ya fuskanci ɗaya bangon. Barci ya ƙi zuwa. Paulina ta leƙo ta gan shi ido biyu.

"Hayaniya ce ta hana ka? Bari in yi musu magana."

"Tsaya. Maman Doreen, ke yaushe kike barci?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta sunanta. "Ni? Ai ni ina da dare." Ta nuna bangon da haɓa. "Waccan ce ba ta da ko ɗaya."

Ya tashi ya sa rigarsa ta gadi, mai kauri, wadda bai taɓa sawa da rana ba. Ya ɗauki sandarsa da ɗan bencinsa, ya fita ya dasa shi a ƙofar ɗakin Damaris, ya zauna.

Patrick ne ya fara zuwa, riƙe da wando. "Yayana, lafiya? Zan tambaye ta inda allura take ne."

"Malam, tana barci."

"Minti ɗaya ne."

"Tana barci," in ji Gershon, da irin muryar da yake tare masu mota a ƙofar sito. Patrick ya tsaya da wandonsa a hannu. Can ya juya ya tafi ya ara wajen Paulina.

Da tsakar rana matan Zumuntar coci suka iso cikin anko, su da gangarsu da tulunsu na kiɗa, sun zo yi mata waƙa da addu'a. Matar Fasto ce a gaba.

"Baba Gershon, ka koma gadin mutane ne?"

"Mama, ku yi haƙuri. Ku dawo da yamma."

"Addu'a fa muka kawo."

"Ubangiji yana ji ko daga gindin mangwaro. Shi ba ya barci. Ita ce take yi."

Matar Fasto ta ɓata rai. Amma wata tsohuwa a cikinsu, wadda ta yi shekaru tana sharar asibiti da dare, ta kama hannunta ta ce, "Mu je, Mama. Mutumin nan ya faɗi gaskiya." Suka koma waje suka yi addu'arsu ƙasa-ƙasa, tulun kiɗan yana zaune a tsakiyarsu ba wanda ya taɓa shi.

Lawal mai inji bai ba Gershon wahala ba da ya je masa da maganar. Ya kashe injin, ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Haba, Baba. Matar da ta sha ba yarana burodi? Daga yau sai la'asar zan tayar. Allah ya ba ta lafiya." Zakaran gidan kuwa, da ya ƙi jin magana, Paulina ta yi farfesunsa.

Haka gidan ya koyi wata sabuwar tafiya. Yara na cire takalma tun daga zaure. Mata na sauke guga a rijiya a hankali, kada ya bugi bango. Gershon kan sauka daga aiki, ya sha kununsa a tsaye, ya zauna a kan benci. Gajiya takan sa duniya ta yi masa laushi. Yakan ga hasken rana yana rarrafe a kan siminti kamar ruwa, kaji suna tafiya ba sauti, inuwar gwanda tana miƙewa tana naɗewa. Wani lokaci bai san ko shi ne ke barci ba ko gidan ne. Abu ɗaya dai kunnensa ke riƙe da shi: numfashin da ke fitowa ta tagar, mai tsawo, mai nauyi, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Da yamma, kafin ya tafi aiki, takan farka. Endurance ta jingina ta da filo kusa da taga, su yi 'yar hira ta tsakanin ƙarafa.

"Baban Doreen."

"Na'am, Maman Endurance. Yaya jiki?"

"Ashe haka kuke ji, ku maza?" Fuskarta ta kumbura, amma idanunta sun yi haske kamar na yarinya. "Ashe haka abin yake da daɗi, kuka yi shiru ba ku gaya mana ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

"Na yi mafarki," ta ce. "Ka san da can ba na yi. Sai dai guntu-guntu, a tsaye, burodi ya zama kan jariri in firgita. Yau kuwa na yi shi tun daga farko har ƙarshe. Na ganni a ƙauyenmu, muna shiƙar acca da mamata a kan fa. Iska tana ɗaukar ƙaiƙayi, yana tashi, yana tashi, ba ya saukowa. Mamata ta ce in kwanta a kan zaninta, ita za ta ƙarasa. Ka ji fa. Wai ita za ta ƙarasa."

"Kin kwanta?"

"Na kwanta mana. Wawa ce ni?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Endurance ta ba ta ruwa a cokali.

"Kai fa, yaushe kake naka barcin?"

"Ina yi."

"Ƙarya. Idonka kamar gauta ja. Za su kore ka a sito."

"Citta ba ta da ƙafa."

"Ka je Sista ta sake duba ka. Ta ce naka yana bakin ƙofa. Kada ka zauna gadin ƙofata, naka ya shige ta bayanka." Ta juya wajen 'yarta. "Ke kuma ki ji. Duk aikin da za ki yi, na dare ko na rana, in kin dawo ki rufe ƙofa. Ko wa ya ƙwanƙwasa. Ko mijinki ne."

"Na ji, Mama."

"Ba ki ji ba. Ni ma an gaya mini."

Mai siton ya kama shi yana gyangyaɗi sau ɗaya, ya yi masa faɗa, ya ce in aka sake zai nemi wani. Gershon ya ba da haƙuri. Washegari ya koma kan bencinsa. Paulina ta ce su riƙa karɓa-karɓa, ya yarda ta riƙa zama da hantsi shi ya ɗan runtsa, amma ko ya kwanta kunnensa na jikin bango.

Barcin Damaris ya riƙa tsawo. Da farko takan farka da la'asar, sannan sai dab da faɗuwar rana, sannan sai an taɓa ta. Abinci ya koma cokali biyu na paten acca. Sista Rosemary ta zo ta duba ta, ta fito ta tsaya kusa da benci.

"Baba, ka san wannan barcin ba duka ne na gajiya ba."

"Na sani."

"Ciwon ne yake jan ta."

"Na sani, Sista. Amma ko wanne ne, nata ne."

Wata ranar Laraba ce, gari ya yi lumshi tun safe, ruwa yana so ya sauko bai sauko ba. Yara suna makaranta. Patrick ya fito da baho cike da kayan matarsa, ya tsuguna a bakin rijiya yana wanki. Bai iya ba. Ya zuba omo ya yi yawa, kumfa ta hau masa har gwiwar hannu, yana murza zani kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. Ba wanda ya karɓe shi. Da Paulina ta matso ya girgiza mata kai.

Gershon yana kan benci, kansa jingine da bango. Yana jin numfashin ta taga, yana shiga, yana fita, da ɗan jinkiri a tsakani. Idonsa ya rufe. Ya ga kamar gidan duka ya tashi a hankali, da rijiyar da gwandar da kajin, yana lilo a sama kamar kwalekwale. Ya ga wata mace a kan fa tana ɗaga faifai. Iska mai sanyi ta taɓa masa fuska.

Shirun ne ya farkar da shi. Ya kasa kunne. Ya jira. Ya ƙara jira, irin jiran da ya saba, na mutumin da ya ji motsi a duhu yana so ya tabbatar. Sannan ya miƙe, ya yafito Paulina da hannu.

Ta shiga. Ta ɗan jima. Ya ji Endurance, da barci ya ɗauke a gefen gadon, ta ja numfashi da ƙarfi a ciki, sai kuma aka toshe sautin, kamar an rungume ta. Da Paulina ta fito, ɗankwalinta na hannunta. Ta dubi mijinta, ta gyaɗa kai.

Matan gidan sun riga sun fito ƙofofinsu. A unguwar nan, in aka yi mutuwa, kururuwa ce ke kai labari har bakin titi kafin a aiki kowa. Wata ta ɗora hannu biyu a ka, ta buɗe baki. Sai ta dubi ƙofar, ta dubi bencin, ta mai da hannun ta rufe bakinta. Hawaye suka zubo ta tsakanin yatsunta. Ba wadda ta yi ƙara. Suka tsaya haka, kowace a ƙofarta, ƙafa ba takalmi.

Patrick yana ba su baya, bai gani ba tukuna. Ya gama ɗauraya, ya ɗauko zanin farko, mai ruwan ganye, bai matse shi sosai ba. Ya ɗaga shi kan wayar shanya a hankali, yana riƙe ta da hannu ɗaya don kada ta yi ƙara. Gershon ya ajiye sandarsa, ya taka zuwa wajensa, ya tsaya a gefensa, ya kama masa ɗaya bakin zanin. Suka shimfiɗa shi tare. Yayyafi ya fara sauka, siriri, ruwan zanin yana ɗiga a kan ƙafafunsu.